Ranar da Na Fi Likita Ji

Mako guda na yi ina shirin gwajin ji. Katin naƙasassu nake nema, don gwamnati ta ɗauke wa Yaya Sa'adatu nauyin batir da gyaran na'urar da aka dasa mini a kunne. Ni kuwa duk inda aka ce gwaji, ba na yarda in ji kunya.

Ni da Yaya muka hau tasi daga unguwarmu ta Aziziyya a nan Makka zuwa asibiti, takarduna a jere cikin fayil. Likita ya sa na cire na'urar, ya zaunar da ni a wani ɗan ɗaki mai gilashi, ya nuna mini abin dannawa in na ji ƙara. Duniya ta yi tsit. Amma na lura duk sa'ad da zai saki ƙara, kafaɗarsa takan ɗan motsa. Sai na bi kafaɗar. Ko ɗaya ban kuskure ba, har ina murmushi.

Da na mayar da na'urar, ya dubi sakamakon ya taya ni murna da Larabci, ya ce, "Mabruk, ya ustaz, ka fi ni ji. Me kake nema a nan?"

Yaya ta dafe kai. "Ka kashe ni! Yau ɗaya ake so ka faɗi, shi ma ya gagare ka?"

Likita ya sha dariya, ya juya kujerata ta fuskanci bango, aka sake. Katin ya fito bayan Hajji.

Har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, Umma takan ce, "Ku tambayi ustaz ko waye, shi da yake jin tafiyar tururuwa a Mina."