Yadda Hancina Ya Saya Mini Mota

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwanta rigingine a cikin motar mutane ba, ƙafafuna a sama, takalmina ɗaya a waje, maza wajen takwas suna kallo. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in faro daga farko, kada ku ɗauka haka kawai nake zuwa filin dillalai ina kwanciya.

Sana'ata turare, na wuta da humra, a hannun kakata na koya a gidanmu na Abbaganaram. Shekara huɗu ina kai wa mutane kaya a keken haya mai ƙafa uku. Ranar da na yanke shawarar sayen mota, keke ne ya faɗa rami a Mafoni da humrar wata amarya a cinyata, kwalabe suka tarwatse, na isa gidan biki hannu biyu da ban haƙuri. (Mai keken dai ya ci riba, na tabbata ya yi mako yana ƙamshin amare.) Daga ranar na ɗaure cikina, na daina anko, na daina canza waya, har abin da na tara ya kai na tsohuwar mota. Shi ke nan abin da na mallaka a duniya. Idan aka cuce ni, babu na biyu.

Da yayana Ya Modu ya ji labari, sai ya ce in ba shi kuɗin kawai ya je ya kawo mini. Wai dillalai idan suka ga mace ita kaɗai, motar da ta ƙi sayuwa suke wanke mata. Gaskiyarsa ce wataƙila, amma yadda ya faɗa yana sakace haƙori shi ya ƙona mini rai. Ni kuma bakina ba ya shawara da ni. A gaban mahaifiyarmu na ce ni kaɗai zan je, kuma zan kawo motar da bakanikensa ba zai samu abin kushewa ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce idan na yi haka, shi zai riƙa wanke mini ita duk Juma'a har shekara ta zagayo. Mahaifiyarmu ta ce ita ce shaida.

Mako biyu na yi ina kallon bidiyon yadda ake duba mota a waya. Na samu ɗan littafi na rubuta: a doki taya da ƙafa, a buɗe bonet, a zaro sandar baƙin mai, a dubi hayaƙin salansa. Har fuskar da zan yi na gwada a madubi, irin ta wanda ya ga komai kuma bai burge shi ba. Lasin dai ina da shi, amma a makarantar koyon tuƙi ban taɓa buɗe komai ba sai ƙofa.

Ranar na naɗa lafayata mai tsada, na ɗora baƙin gilashi, na sa takalmi mai tsini, don a san ba da wasa na zo ba. Mai filin, Alhaji Mala, ya taso daga benci inda suke shan shayi da abokansa yana ta gaishe ni da "wushe, wushe, Hajiya", amma idonsa yana bayana, yana neman namijin da ya kawo ni. Da bai ga kowa ba sai ya tambaya ko maigidan yana tafe.

"Ni ce maigidan," na ce.

Na ji 'yan benci sun yi ƙasa da murya. Wani dattijo mai farin gemu, wanda daga baya na ji 'yarsa ya zo saya wa mota, ya juyo ya dube ni.

Alhaji Mala ya wuce da ni kai tsaye wurin wata farar mota mai sheƙi. Ya ce ta wata likita ce, daga gida sai asibiti, asibiti sai gida. (Na lura duk motar da ke hannun dillali ta wata likita ce. Ban san lokacin da likitocin nan suke duba marasa lafiya ba.) Kuɗin da ya faɗa ya yi sauƙi fiye da yadda na zata, har murna ta kama ni, amma na riƙe fuskar madubi. Na zagaya na doki taya. Babban yatsana ya ji a jikinsa, na haɗiye zafin, na gyaɗa kai kamar tayar ta ba ni amsa.

Sai ya buɗe mini ƙofa, ƙamshi ya taso ya tare ni. Nan take na gane shi, domin nawa ne. Haɗin kakata ne, mai ɓawon lemu da kanumfari, babu mai yin sa a garin nan sai ni. Ku zo ku ga kai ya kumbura. Na ce a raina lallai likitar nan ta san abu mai kyau, kuma wannan alama ce daga Allah cewa motar rabona ce. Ban ɓoye muku ba, a zuciyata na riga na biya, har na ga Ya Modu da bokiti.

To amma 'yan benci suna kallo, littafina kuma ya ce a buɗe bonet. Na gyara murya na ce ina son ganin injin. Alhaji Mala ya miƙa hannu zai buɗe, na ce ya bari, na iya. Na zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, na laluba ta hagu, hannuna ya samu wani ɗan hannu a gefen kujera. Na ja, bai motsa ba. Na jingina da dukkan nauyina na fizge shi.

Bayan kujerar ya tafi da ni gaba ɗaya. Na ji ni shimfiɗe ina kallon rufin mota, ƙafafuna suka tashi, takalmin hagu ya yi tsalle ya sauka kusa da butar shayi, gwiwata kuma ta danne hon. Ba ƙaramin dannawa ba. Duk wanda bai ga faɗuwata ba, hon ɗin ya kira shi ya zo ya gani.

Da na janye gwiwa, sai dariya ta ɓarke. Wani har kofinsa ya zube. Alhaji Mala ya leƙo da fuskar tausayi, wadda ta fi dariyar ciwo, ya ce a hankali, "Hajiya, injin yana gaba."

Kunya ta hana ni tashi. Na ja lafaya na rufe ƙafafuna, na juya fuska gefe ina roƙon Allah ya kawo wani abu, ko ruwan sama ne, ya watsa mutanen nan. Hawaye ya cika mini ido. Ina tunanin yadda labarin zai riga ni isa gida, da yadda Ya Modu zai riƙa ba da shi a kowane suna da ɗaurin aure har mu tsufa.

A haka, hancina yana dab da kafet ɗin baya, na ja numfashi don in danne kuka. Sai na ji wani abu a ƙarƙashin turarena.

Duk wanda ambaliya ta kora daga gidansa a garin nan, ya dawo bayan ruwa ya janye, ya san warin da nake nufi. Warin laka ne da ruɓaɓɓiyar katifa, mai ɗan tsami, mai kama maƙogwaro. Mun yi watanni muna fama da shi a ɗakunanmu. Mahaifiyata tana zagayawa da kasko safe da yamma, turare ya hau sama, shi kuma yana nan kwance a ƙasa yana jiran hayaƙi ya wuce. Na yi kuka a kan warin nan ba sau ɗaya ba, don haka ba zai ɓuya mini ba ko a cikin kwalbar humra aka sa shi.

Sai kuma na tuna wata mata da ta yi mini odar kwalba shida na mafi ƙarfin haɗina, ta ce na wurin aikin maigidanta ne, wanda yake kama kaya ya kashe warin damshi take so. Har ragi na yi mata, na ce Allah ya mayar da alheri. Ashe da hannuna na haɗa tarkon da na zo na kwanta a ciki.

Na miƙe. Ban nemi takalmi ba, na cire ɗayan ma na ajiye a kan rufin motar. Na durƙusa a ƙasa da lafayata mai tsada, na ɗaga kafet, na zura makullin gidanmu ƙarƙashin ƙarfen kujera na kankaro. Busasshiyar laka ta fito, da tsatsa. Na sa aka buɗe but, wurin kaya na baya (wannan karon na bari Alhaji ya buɗe da kansa), na ɗaga abin da ya rufe tayar ajiya, ga layin da ruwa ya tsaya nan, irin wanda ya bari a bangon ɗakinmu. Na zuba lakar a tafin hannuna na miƙa masa.

"Alhaji, likitar nan a cikin kogi take aiki?"

Dariyar benci ta sake tashi, amma wannan karon ba ni ake yi wa ba. Ya fara rantsuwa cewa haka aka kawo masa ita, kuma an gyara komai. Na ce na yarda, ya dai gaishe mini da matarsa Hajiya, ya faɗa mata mai turare ta ce idan kwalba shidan sun ƙare akwai wasu. Ya cire hula ya goge gumi ya mayar.

Dattijon nan mai farin gemu ya matso. Ya nuna wata mota ruwan toka da yake ciniki tun kafin in zo, ya ce, "'Yata, don Allah shinshina mini wannan."

Haka na bi filin nan babu takalmi, ina zura kai ƙarƙashin kujeru kamar akuya a kasuwar hatsi, dattijo yana bina, 'yan benci suna binsa da kofunansu, Alhaji Mala a ƙarshe kamar mai rakiyar gawa. Ta dattijon ma ta sha ruwa, da wata baƙa. Sauran lafiyarsu ƙalau, kuma na faɗa, don ban zo ɓata wa mutum kasuwa ba.

Can ƙarshen fili, a jikin katanga, akwai wata koriyar mota da ko wanke ta ba a yi ba. Na buɗe ƙofa, ƙarnin banda ya mare ni. Alhaji ya ce ta wani mai fataucin kifi ce daga hanyar Baga, kowa ya leƙa sai ya ja baya, shi ya sa bai ɓata turare a kanta ba. Na toshe zuciyata na durƙusa. Kifi a sama, kifi a tsakiya, a can ƙasa kuma busasshiyar ƙura, tsabtatacciya, wadda ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba.

Cinikin koriyar bai yi tsawo ba. Alhaji Mala ya sauko da kansa tun kafin in matsa, ina jin so yake kawai in bar masa filin. Na sa sharaɗi a gaban dattijo cewa idan bakanike ya samu babbar matsala zan dawo da ita, ya ce ya ji. Shi ya buɗe bonet, na tsaya na ƙura wa injin ido da fuskar madubi, ban gane komai ba. Ɗaya daga cikin 'yan benci ya kawo mini takalmina da hannu biyu.

Bakaniken Ya Modu ya yi awa biyu a kanta, ya shiga ƙasa ya fito, yana neman abin da zai faranta wa abokinsa. Abin da ya samu kawai ƙwan fitila ɗaya da robar share gilashi. Ya ce injin kamar agogo. Ya Modu ya koma kan wari, mahaifiyarmu ta ce ba a sa wari a cikin alkawari ba.

Juma'ar farko na fito da kujera ƙofar gida musamman. Ya Modu yana wanki, kyanwoyin unguwa uku suna zaune suna jiran a buɗe but. Na yi wata biyu ina turara motar, turare da kifi suka yi ta kokawa har suka sasanta. Yanzu idan ka shiga sai ka ji kamar amarya tana miyar banda.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Idan motar sayarwa ta fi ɗakin amarya ƙamshi, a ajiye girman kai a durƙusa. Kuma duk wanda ya zo mini neman kwalba shida a lokaci ɗaya, sai ya faɗa mini abin da yake son rufewa.

Makon jiya Ya Modu ya same ni ina haɗa turare. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi kasuwa, ya tambayi lafiyar mota, sannan ya ce ya ga wata a wani fili, ko ina da lokaci ranar Asabar in raka shi. Na ci gaba da damawa, ban ɗago ba. Na ce masa ya ba ni kuɗin kawai in je in kawo masa, don dillalan nan idan suka ga namiji shi kaɗai, motar da ta ƙi sayuwa suke wanke masa.