Dattijon da Ya Karɓi Kalmar Sirrina

Ko na manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa ba da kwas ɗin tsaron kwamfuta da aka tura ni a ƙarshen shekarun casa'in. Lokacin ina aiki wajen Alhaji Ɗanjuma, mai safarar albasa zuwa kasuwar Bodija a ƙasar Yarabawa, kuma ya sayo kwamfuta ɗaya tilo ya ajiye a ofishinsa na Sabo, unguwar Hausawa. Mu biyu ke hanƙoron a damƙa mana ita, ni da abokin aikina Yusufu. Da ya ke na fi shi zuba Turanci (da cika baki, in za a faɗi gaskiya), sai Alhaji ya ce in je kwas na kwana uku a unguwar Mokola, in na dawo da takarda, injin ya zama nawa.

Malamarmu Bayarabiya ce, Madam Folake. Ranar farko ta sa kowa ya zaɓi kalmar sirrin da zai riƙa buɗe injinsa da ita, ta ɗaga yatsa ta ce, "No tell anybody o! Ko mamanka, kada ka faɗa." Na gyaɗa kai har da ƙara wa 'yan aji bayani, ba wanda ya tambaye ni.

Rana ta biyu na fito alwalar Azahar, sai ga wani dattijo Bahaushe, farar riga, farin gemu. Na durƙusa. Ya tambayi gidanmu, na faɗa, ya ce, "Allah sarki, jikan Malam Audu ne kai? Yaya Hajiya da ƙafa?" Gaisuwa ta yi tsawo har gwiwata ta fara ciwo. Can ya ce shi ke duba injinan nan, in ba shi kalmata ya gyara nawa kafin mu dawo.

To ku gaya mini, wane ɗan Sabo ne zai dubi sa'an kakansa ya ce a'a? Na rubuta a takarda, na miƙa da hannu biyu, har da "Baba, a yi haƙuri da rubutun."

Ranar rufewa aka gayyato iyayen gidanmu. Alhaji ya zauna sahun gaba, ni kuwa ina ta gyara hula. Madam ta ce akwai darasi na ƙarshe, ta buɗe ƙofa, dattijona ya shigo. Ashe abokin aikinta ne, labarin gidanmu kuma wajen mai shayi ya tsinta! Ya ce mutum goma sha biyu ya gwada, ɗaya kaɗai ya ba shi. Ya zauna gaban injina, ya danna kalmata, ya buɗe.

Madam ta rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe. Alhaji bai saba da boko ba, sai ya ce, "Malam, me aka rubuta?"

Dattijon ya karanta da ƙarfi: "Balaraba tawa."

'Yar Alhaji ɗaya ce a duniya, sunanta Balaraba. Shekara biyu ina ɓoye maganar nan, ko ita ban taɓa gaya wa ba. Wani Bayarabe ya ce "Yeepa!", aji ya fashe da dariya, ni kuwa ji na yi kamar in shige ƙarƙashin tebur. Alhaji bai ko waiwayo ba.

Da aka tashi, Alhaji ya tuƙo mu a mota har bakin masallaci. Ya kashe inji ya ce, "Kwamfuta dai ta Yusufu ce, kai ka koma wajen lodin albasa. Ɗayar maganar kuma, ka turo manyanka. Na ga ba ka iya musu da su."

Har yau ina durƙusa wa dattawa, tarbiyya ce. Amma idan gaisuwa ta fara tsawo, aka kai ga ƙafar Hajiya, sai in mai da birona aljihu.