Farin Gari a Bakin Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tara wa kaina jama'a a gidanmu na Agege. Lokacin maigida ya sa ana yi mana silin fi-o-fi, irin na farin siminti, a falo, ma'aikata suna ta goge bango. Ƙurar fara ce sol kamar garin alabo, har cikin kwanon miya take bin mu. Dole muka koma ɗakin baya, na rataya tsohon zane a ƙofa don ya tare ta.

Ranar na bar autata Hafsa tana barci, na leƙa bakin titi sayen koko. Ina dawowa na ga farin gari kwance a bakin ƙofar ɗakin, layi guda miƙaƙƙe kamar an ja shi da hannu. Ga kuma sawun mutum, fari, ya nufi gadon yarinyar.

Na tsaya cak. Tun ina ƙarama Inna ta ja mini kunne: in kin ga barbaɗe a ƙofa, kada ki tsallaka. Hafsa kuwa kwana biyu tana tari. Sai ta farka, ta fara kuka tana miƙo mini hannu. Na ɗaga ƙafa na mayar, na sake ɗagawa na mayar. (Ni ce fa a ajin yaƙi da jahilci malama ke yabo wai ina da natsuwa.)

Ban san na kwarma ihu ba sai da na ga tsakar gida ta cika. Iya Sikiru, maƙwabciyata Bayarabiya, ita ta fara isowa da ludayi a hannu.

"Maman Hafsa, lafiya?"

"An yi mana barbaɗe," na ce. "Wanda ya yi ya san kansa." Allah ya yafe mini, ita nake kallo.

Ta tsallake garin, ta ɗauko yarinyar ta saɓa a kafaɗa. Sai ta kaɗa zanen ƙofar, fari ya zubo daidai kan layin. Sannan ta duƙa ta duba sawun.

"Wannan mugun, silifa ɗinsa ya tsinke an ɗinke da waya. Ɗaga ƙafarki mu gani."

Na ɗaga. Ga waya, ga farin gari har dunduniya. Ashe kafin in fita na ratsa falo ɗaukar kwano, na koma na lulluɓe Hafsa.

Ogan ma'aikatan dariya har da zama a kan bokiti. Iya ta miƙo mini 'yata ta ce, "Pele o, sannu. Tarin nan ƙura ce. Ki kawo ta ɗakina har su gama."

A ɗakin nata Hafsa ta warke. Ni kuwa tun daga ranar, kafin in nemi maƙiyi, sai na fara duba ƙasan takalmina.