Wuyan da Ya Ƙi Sunkuyawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai a Tibiri ba, ko da kuwa na so mantawa, domin matata Hajara ba ta bari.

Zamanin Nasara ne, Faransa na mulki, ni kuma saurayin tela ne a Sabon Garin Maraɗi. Da kakar gyaɗa na kai ɗinki Jiratawa, a dawowa na samu kamiyo, wato babbar motar kaya, shaƙe da buhuna, na haye can ƙololuwa ina hura hanci (a lokacin wanda ya hau mota sai ya yi mako yana ba da labari). Muna cikin tafiya direba ya kauce wa wani jaki, sai ji muka yi gwaram, mun rungumi gawo. Kaina ya yi gaba ya dawo baya, na gangaro da buhuna har ƙasa. Na miƙe na kakkaɓe riga, ko ƙwarzane babu. Har da ni aka tura motar.

Da na yi shiru da an zauna lafiya. Amma ina! Kafin magariba Sabon Gari duk ta ji cewa jikina ƙarfe ne. Duk wanda ya zo jaje sai in buga ƙirji in ce itacen ya kamata a yi wa jaje. Labari ya kai har Tibiri, kunnen Hajara.

Washegari kaina ya soma sarawa, na ce rana ce. Wanshekare na tashi wuya ya sandare kamar taɓarya, yatsun hannun dama sun mutu kamar kiyashi na bin su, allura ma ta gagare ni riƙewa. Ranar kuwa ita aka sa mini in je in gaida mahaifin Hajara, Malam Nomau, dattijon manomi wanda ya taɓa korar wani manemi don kawai ya shigo zaure da takalmi. Baffana da zai raka ni ya ce mu ɗaga. Na ƙi. Mai jikin ƙarfe zai aika a ce wuyansa na ciwo?

Muka shiga zaure, na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa. Kowa ya san yadda ake yi: ka sunkuyar da kai, ka kafa ido a ƙasa, ka amsa a hankali. Gwiwa ta bi umarni, wuya ya ce bai san zancen ba. Ga ni tsugune, kai a miƙe kamar zakara zai yi cara, idona cikin idon surukina. Na yi ƙoƙarin sauke ido kaɗai, abin ya koma harara.

Baffa ya zungure ni, ya raɗa mini, "Kai, sadda kanka mana!"

Malam Nomau ya dube ni ya ce, "Samari, akwai abin da ka ɓatar a huskata ne?"

Na ce, "A'a, Baba." Ban kuma daina kallonsa ba.

Aka kawo fura. Na ɗaga ludayi, hannun da ya mutu ya sake shi, fura ta wanke mini farar rigar da na ɗinka musamman, ta fantsama har ƙafar dattijon. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ce wa Baffa, "Ku gaida gida. Ɗiyata ba ta zama da wanda bai san manya ba." Wallahi Hajara ce ke fita daga hannuna ina kallo, kuma har a lokacin bakina ya kasa faɗin gaskiya.

Sai wata murya ta fito daga ƙofar cikin gida, bayana: "Mijina, ko gaisuwa babu?" Kakar Hajara ce, Iya Dela, da tsokanar da kakanni ke yi wa manemin jika. Na so in waiwaya, wuya ya ƙi, sai na juya gaba ɗaya a tsugune kamar ana juya tulu. Jiri ya kwashe ni, na kife cikin furar.

Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta dafa ƙeyata, na saki ƙara irin wadda mai jikin ƙarfe bai kamata ya sani ba.

Ta ce, "Nomau, wanga ba girman kai ba ne, ciwo ne. Kai ne yaron da mota ta kayar, ko? Ai ko jaki ya kada mutum, ranar ba ya jin komi, sai jiki ya huce. Mi ya hana ka hwaɗi?"

Ina kwance, fura na bin kunnena, na ce, "Kunya, Iya."

"To yanzu da ka ɓoye, ka tsira daga kunyar?"

Nan Malam Nomau ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya warware rawaninsa ya naɗe mini wuya da hannunsa, ya ɗora ni a jakinsa, ya ja akala da kansa har gidan likita a Maraɗi. Likita ya ce wuyan ya bugu sosai, da na ci gaba da taurin kai da hannun ma sai abin da Allah ya yi. Tela kuwa in ba hannu, sai bara. Na daɗe a kwance, kuma kowace Juma'a fura na zuwa daga Tibiri, da saƙon cewa a sha ta baki, ba ta riga ba.

Bayan girbi na gaba aka ɗaura mana aure. Har Allah ya yi wa Malam Nomau rasuwa, in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "A hankali da wuyan nan, aro na ba ka." Ina yi masa addu'a shi da Iya Dela kullum, domin sun ba ni mata, sun kuma ceto mini hannu.

Shi ya sa yau in wani ya fito daga hatsari yana cewa ko ƙwarzane bai yi ba, sai in ce masa, "Madalla. Je ka likita ya duba ka, cika bakin kuma ka bari sai jibi. In kuwa kana da gaisuwar surukai, ɗaga ta."