Rariyar da Ba Ta San Gaisuwa Ba

"...da gida? Ina mutanen Garbadu? Ina haƙoran da suka rage?"

"Lahiya lau suke, sun ce in gaida raggo."

Muttaka ya ja wa kakarsa kujera yana dariya. Ranar Talata ce, Dada ta shigo kasuwar Mafara da jan zakara a hammata, ta ratso shagon da yake aiki. Shagon na wani ɗan kamfani ne mai ba makarantu da shaguna intanet, daga Mafara har Bakura da Maradun, kuma su ke riƙe wa mutane imel. Saƙonnin 'yan damfara da masu ɗauke da cutar kwamfuta sun ishi kowa, shi ne ogan kamfanin ya ba Muttaka manhajar tace saƙo iri biyu, ya ce ya gwada ya zaɓi guda kafin gobe. Ɗaya mai zafi ce, abin da duk ta zarga sai ta share shi ƙurmus. Ɗayar kuwa gefe take turawa, sai mutum ya yi sammako kullum ya duba. Wanda ya san Muttaka da barci ya san inda zuciyarsa ta karkata.

"Amarya, wanga zakara sadakina ne kika maido?"

"Wane sadaki? Mijin da ko goro bai taɓa sayo min ba? Kai dai duba min akwatin nan naka. Maiwada ya yi magana?"

Maiwada ƙaninta ne, yana Garwa ta Kamaru tun kafin a haifi Muttaka. Kunne ya yi mai nauyi, waya ba ta yi masa amfani. Sai ya faɗa, ɗansa ya rubuto ta imel, Muttaka ya karanta wa Dada, ita ma ta faɗi nata.

Muttaka ya duba. "Shiru, tsohuwa. Ƙila ya gaji da surutunki."

"Wanda muka sha nono ɗaya? Kai ma da aka liƙa min ba ka gaji ba."

"Ni haƙuri nake, gado nake jira."

"Mi za ka gada? Tabarma da buta?"

Ta yi maganar da ƙarfi, amma ya ga hannunta yana shafa bayan zakaran ba ƙaƙƙautawa. Can ta ce, a hankali, "Bai taɓa tsallake wata ba. Kuma wancan karon ya ce ƙirji na damunsa."

Wasa ya fita daga bakin Muttaka. Ya tuna gwajin da yake yi, ya buɗe jerin abin da mai zafin ta yi wa alamar sharewa. Da yake gwaji ne, ba ta kai ga sharewa ba tukuna. Ya wuce mai rabon dala, ya wuce mai maganin ƙarfi, sai ga sunan ɗan Maiwada tsamo-tsamo a tsakiyarsu.

"Ga shi! Ƙaninki ya shiga cikin ɓarayi."

"Ubanka ne ɓarawo! Karanta min."

"Ubana ɗanki ne fa."

"Shi ya sa na san halinsa. Karanta!"

Ya karanta. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina damina, ina dabbobi, ina Saude, ina Buba, ina Ɗanasabe, kowa da sunansa, kowa da addu'arsa. Sai can ƙasa, layi ɗaya: ƙirji ya yi sauƙi, har ya koma masallaci da ƙafarsa.

Dada ta goge ido da bakin mayafi. "Hayaƙin injin wutarku ne."

"Awo, injin da babu mai a cikinsa tun jiya."

"To mi ya kai saƙon nasa bola?"

"Gaisuwa. Rariyar nan in ta ga saƙo mai maimaita magana iri ɗaya kowane wata, ga sunaye rututu, ga fatan arziki, sai ta ce ɗan damfara ne."

"Ikon Allah! Wagga na'ura ɗiyar wa ce, da ba a koya mata gaisuwa ba? Ashe irinka ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ni na haife ta?"

"Kai ka ɗauko ta. To duk Mafara wa ke fara magana bai yi gaisuwa ba? Sai ta share mu kaf, ta bar marasa kunya."

Muttaka ya sosa ƙeya. Ya hango malaman Bakura da 'yan kasuwar Maradun, kowa da doguwar gaisuwarsa.

"Akwai ɗayar," in ji shi. "Mai cuta za ta kashe, mai gaisuwa ta ajiye min gefe. Amma sai na riƙa tashi da asuba ina tsincewa."

"Kai? Wanda ladan ke wucewa ta kansa?"

"Saboda ke zan yi, amarya. In Maiwada ya mutu ban ji ba, wa zai raba mu in mun yi faɗa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Ya danna ya zaɓi ta biyun a gabanta. Dada ta dube shi, ta dubi zakaran, ta kwashe da dariya har ɗan haƙorinta ya fito. Sai ta dangwara masa shi bisa cinya.

"Riƙe. Na fasa kai shi kasuwa. Shi tashe ka. In kuma na ji ka yanka shi, Maiwada zan faɗa wa."

"Da gaisuwa ko babu?"

"Da gaisuwa mana. Ɗauko abin rubutunka: ina kwana, ina gajiya..."