Yadda Za Ka Gyara Madannan Laftof Ɗin Matarka Kafin Ta Dawo

Bi matakan nan, na ba ka tabbacin laftof za ta tashi, asirinka kuma ya rufu. An gwada su a wani gida da na sani ciki da waje, inda matar gidan ke buga wa mutane takardu, kuma ta sha hana mijinta kusantar teburinta da kofi a hannu.

1. Kifar da shayi a kan laftof

Wannan ka riga ka yi. Goge tebur, wanke kofi, mayar da shi inda yake.

2. Kada ka kai wa mai gyara

Bakinsa ba ya shiru, kuma ya san matarka. Ka tuna tun da ka canja ƙwan fitila ake kiranka Injiniya a gidan.

3. Ɓalle madannan

Kaɗan ne sukari ya manne, amma ɓalle su duka da bakin cokali, don adalci. Matsorata kan ɗauki hoto tukuna. Kai ba ka cikinsu.

4. Wanke ka shanya

Sabulu, ruwa, faranti, bakin taga. A nan ne za ka waiwayi laftof, ka gan ta wayam kamar bakin jariri.

5. Mayar da su

Ba ka tuna mazaunin kowa ba. Jera su yadda aka koya maka a firamare: A, B, C. Ai masu ƙera ta ne suka hargitsa su tun farko.

6. Yi shiru

Za ta dawo ta zauna, idonta a kan allo, yatsunta na gudu, komai na fita daidai. Ashe ba ta kallon madannai. Kai ne mai laluben haruffa da yatsa ɗaya, daga yau in ka danna A, Q za ta fito.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana. Wannan gargaɗin ma da biro na rubuta shi. Na zauna buga matakan, ko sunana na kasa, sai na roƙi maiɗakina in faɗa ta buga, na ce labarin wani abokina ne. Ta buga tsaf har mataki na biyar, ta tsaya, ta sunkuya ta ƙura wa madannan ido.

"Injiniya," ta ce, "abokin nan naka, a gidan nan yake kwana?"