Yaƙin Barau da Nisan Suruka

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin gwarzo ɗan gwaraza, Barau ɗan Tanimu ɗan Jatau Mai Garaje, jikan wanda ya taɓa korar kura da murfin tukunya, ma'abocin shaja'a da facin taya a bakin tashar Kawo. Barau, guduma mai ladabtar da rim! Barau, wanda babu tayar da ta sace a gabansa ta kwana ba iska!

Amma ba'adu, matarsa Uwani, uwar ɗansa Hashimu, tana da tsohon ciki, likita ya hana ta hawa mota, kewar mahaifiyarta Inna Dije da ke ƙauyen Rafin Tsamiya ta hana ta cin abinci. Wayar Inna kuwa tocila kawai gare ta. Uwani ta ce ko hoton fuskarta ta gani ta samu sauƙi. Sadauki ya doki ƙirji ya ɗauki alkawari, alhali ya manta cewa tun ranar ɗaurin aure bai taɓa ɗaga kai ya dubi surukarsa ba, ita ma da ta ji sallamarsa take faɗawa ɗaki. To wa zai tsaya gaban wa ya ce a yi murmushi?

Sai hikima ta sauko masa. Ya nufi kasuwa ya sayo kyamara 'yar mitsila, wadda kuɗinta bai kai na ɗan akuya ba, mai ita yana rantsuwa tana zuƙo nesa har ka ƙirga gashin girar mutumin da ke ƙetaren kogi. Barau ya rataya ta a wuya kamar laya, ya hau mota.

Da isarsa ƙauyen da hantsi, ya gaisa da surukinsa a zaure, ya durƙusa ya gaida bangon ɗakin Inna, bangon ya amsa. Sannan ya zame ya nufi tsamiyar da ke bayan gida can da nisa, ya naɗe wando, ya yi kirari a ransa, ya kama hawa. Rundunar cinnaku ta tare shi a reshe na farko, ta shiga inda ba a ambata, bai ja da baya ba. Ya kai ƙololuwa, ya hango tsakar gida, ya hango wani abu lulluɓe da zane a gindin rumbu, ya ɗaga makami ya yi kururuwa ƙasa-ƙasa: "Zuƙo, 'yar albarka!"

Ta zuƙo. Gidan ya zama ƙwallaye. Ya ƙara dannawa, ƙwallayen suka zama tubala masu rawa, domin ko numfashi ya yi sai duniya ta yi tsalle daga rumbu zuwa sararin samaniya. Ya ɗauki hoton gajimare, ya ɗauki na rabin zakara, ya ɗauki na yatsansa. Daga bisani ya riƙe numfashi har idonsa ya yi ja, ya saita lulluɓaɓɓen nan, ya danna. Batir ya yi ƙyaf-ƙyaf ya ce ga garinku nan.

"An yi fatahi!" in ji Barau.

Ya sunkuya zai sauko, sai ga Inna Dije a gindin tsamiya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya, tana riƙe da kwanon fura. Tun hawansa take kallonsa ta kan danga. Ta dubi kututture ta ce, "Tsamiya, ki gaya wa baƙonki a sauko a sha ruwa. Rana ta yi."

Wayyo Barau! Saukowa babu hali, ga wando a naɗe, ga suruka a tsaye. Ita ma tafiya babu hali, ba a ajiye wa baƙo fura a ƙasa a wuce. Suka tsaya a haka, shi a sama cinnaku na walima, ita a ƙasa tana nazarin ɓawon itace, har sai da surukinsa ya zo da dariya ya raba su.

Washegari ya koma Kaduna da ƙuraje da alfahari, ya sa batir caji, ya miƙa wa Uwani ganimar yaƙi. Ta ƙura wa tubalan ido, ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Hawaye suka zubo mata, zuciyar gwarzo ta kumbura da farin ciki.

"Allah sarki," ta ce. "Ashe turmin Inna yana nan. Har ta lulluɓe shi da tsohon zanena." Ta share ido, ta jawo kwanon tuwo gabanta. "Ita fa, Baban Hashimu? Ina nata hoton?"